Waken Goggo a Robar Gwaji

Ranar da baƙi suka zo duba ma'aikatarmu, wake Goggo ta dafa. Ba wani sabon abu ba ne. Sau uku a mako take dafa shi, da albasa da ɗan mai, ta yanka kabeji a gefe. Shekara goma sha tara ke nan ma'aikata na cin sa a ɗakin cin abinci na ƙasan bene, ba wanda ya taɓa kwanciya asibiti.

Aikinmu gwajin abinci da ruwa ne. Kamfanoni su kawo biskit ko man girki ko lemon kwalba, mu auna, mu ƙona, mu tace, mu faɗa musu abin da ke ciki. Shekarata biyu a ɗakin gwaji. Shiru suke kira na, don sai in wuni ban furta kalma ashirin ba. Goggo ƙanwar babana ce, ita ta riƙe ni tun ina aji uku, amma a ma'aikatar ba wanda ya sani. Ita ta kafa dokar ran da zan fara aiki.

"Daga bakin ƙofa ba ni da 'ya, ba ki da goggo. Kada a ce mai girki ce ta yi miki hanya, alhali da karatunki kika shigo."

Baƙin na fita, manajar ma'aikata ta sauko. Madam Kilo muke ce mata a bayan idonta, saboda kullum da safe sai ta tuɓe takalmi ta hau babban sikelin da ake auna buhuna, ta sauko tana tsaki. Muna tsakiyar ci ta tsaya a tagar da ake miƙo abinci.

"Iya, zo nan."

Goggo ta fito tana goge hannu. "Sannu da aiki, Madam."

"Ba gaisuwa ta kawo ni ba. Kin san abin da baƙon nan ya tambaye ni a matattakala? Wai me yake ji haka? Na rasa inda zan sa fuskata. Wake, wake, kullum wake, sai ka ce gidan yari! Duk wanda ya shigo ya shaƙi wannan, cewa zai yi ba a biyan mu albashi."

Injiniya, dattijon da ke gyara mana na'urori, ya ɗago daga kwanonsa. "Madam, ni fa na ga baƙon. Yawu yake haɗiya."

"Kai ai ko dutse aka dafa maka sai ka nemi ƙari."

Aka yi dariya. Dariyar ce ta ƙara mata ƙarfi. Ta sa yatsa biyu ta ɗago gefen rigar girkin Goggo, ta kai hanci, ta sake ta.

"Kin ji? Har ya kama jikinki. Warin talauci ne wannan, Iya, ba ya fita da sabulu. Ƙarshen wata kwamiti zai zauna. Zan sa a rufe kicin ɗin nan, a nemo masu kawo abincin mutane."

Goggo ta ce, "To, Madam." Ta koma ciki, muka ji ta buɗe famfo.

Ni kuwa ina ƙarshen tebur da cokali a hannu. Digiri gare ni, da farar riga, da baki, amma ko uffan ban ce ba.

Da yamma a gida Goggo ta jiƙa rigar girkin a bokiti. Ta wanke, ta ɗauraye, ta sake jiƙawa. Na ce mata ai ta fita, ta ce in je in yi abin da ke gabana. Hira ta yi ta ja da ni a kan maƙwabciyarmu da tsadar gawayi, kamar abin ko a jikinta. Sai da na shiga ɗaki ɗauko tsintsiya na hango ta ta labule. Ta waiga, ta ga ba kowa, ta kai hannun rigarta hanci a hankali ta shinshina.

Matar da ke wanka sau biyu kafin ta taɓa tukunya. Matar da ta saya min littattafan jami'a da wannan ludayin. Da zagi kawai aka yi, wataƙila da na haɗiye kamar yadda na saba. Wannan shinshinawar ce ban yafe ba.

Mai shiru yana da abu ɗaya, yana gani. Shekara biyu ina hangen Madam Kilo ta ƙofar ƙaramin ɗakin shan shayi na sama, inda manya ke cin nasu. Ba ta kai komai baki sai ta juya bayansa ta karanta. In akwai lambobi a jiki, ta yarda da shi, ko da biskit ne mai cike da sukari. In babu, ko lemo aka ɓare mata sai ta yi masa kallon tuhuma. Kuma ba ita kaɗai ba ce, cutar gidan ce. Mu da muke wuni muna manna takarda a jikin kwalabe, abin da ba shi da lamba ba mu ɗauke shi abu ba, wanda ke da lamba kuwa ba ma tambayar asalinsa.

Ran Litinin na karɓi rabona a kula maimakon kwano, na hau da shi sama. Na buɗe kundin karɓar samfur, na shigar da shi yadda ake shigar da kowane samfur. Lamba ɗari huɗu da goma sha bakwai. Inda ya fito: kicin ɗin ma'aikata, babbar tukunya. Wadda ta kawo: ni. Ban ɓoye komai ba, don na san kundin nan ba mai buɗe shi sai in rigima ta tashi.

Kwana uku ina aiki a kansa tsakanin sauran ayyuka. Na busar, na niƙa, na ƙona, na auna. Ban ƙara ko ɗigo a sakamakon ba, waken bai buƙaci taimakona ba. Na buga takardar mannawa irin tamu, fara tas, da lambobi a jere. Na ɗauko sabuwar robar samfur mai farin murfi, na auna giram ɗari da tamanin daidai, na yanka kabejin siriri kamar zare na ɗora, na sa yankan lemon tsami ɗaya a gefe. Na saka a firji ya yi sanyi, don sanyi na kwantar da ƙamshi.

Ran Alhamis, a karon farko, na shiga ɗakin shayin manya na zauna a lungu. Na juya robar yadda takardar za ta kalli kujerar Madam.

Ba a yi minti biyu ba ta ce, "Ke Shiru, mene ne wannan?"

"Abinci ne, Madam."

"Na ga ba takalmi ba ne. Miƙo."

Ta juya ta karanta, leɓenta na motsi. "Furotin giram goma sha biyar. Kalori ɗari biyu da sittin kacal? Kai! Wa ke yin wannan?"

"Wata mata ce. Ta daɗe tana yi, amma ba ta son a san ta."

"Haka masu aji suke." Ta buɗe murfin. "Wake ne?"

"E, Madam."

"A'a, wannan ba irin na ƙasa ba ne. Dubi ƙwayarsa ɗai-ɗai. Wannan na masu kula da jikinsu ne. Ki ga yadda aka auna. Wancan kuwa a tula maka kamar za ka yi dako." Ta ɗauki cokalina ba ko neman izini, ta ɗanɗana, ta lumshe ido. "Nawa take sayarwa?"

"Har yanzu gwaji ake yi. Sai dai a cika takardar ɗanɗano."

A wurinmu duk abin da ke da lamba, in ya shiga bakin ma'aikaci, dole ya cika takarda: kala, ƙamshi, laushi, ɗanɗano, kowanne a ba shi maki daga ɗaya zuwa goma, a rubuta ra'ayi, a sa hannu da kwanan wata. Ita da kanta take bin mutane da faɗa in suka manta. Kafin in rufe baki ta zaro biro daga jaka.

Mako uku muka yi a haka. Rabon mutum ɗaya a wurin Goggo ludayi biyu ne cike, yana cika roba uku, don haka da sakatariyar darakta da wata daga sashen ruwa suka ce su ma suna so, ban rasa ba. Wanda ya kwana a firji ma ya fi yi musu daɗi. Ni kuwa burodi da shayi na koma ci a bayan na'urar busarwa. Goggo ta ga kullum ina dawo da kula wayam, ta ji daɗi.

"Ke da nake fama da ke ki ci, yau har da suɗe kula? Ko tsutsa ce ta shige ki?"

Madam ta rage kilo biyu. Da bakinta ta sanar, tana kan sikelin buhuna ba takalmi, har masu gadi suka taya ta murna. Ta daina sayen biskit. Amma ba ta bar Goggo ta huta ba. Wata rana ta bi ta gaban tagar kicin, hankici a hanci, robar a ɗaya hannun, ta ɗaga ta sama.

"Iya, kin ga abinci? Wannan shi ne abinci. Da kina da rabo da kin je an koya miki."

Murfin a rufe yake, takarda ta rufe gefen. Goggo ta ce, "Allah ya sa albarka, Madam." Ina bayan su da tiren kwalabe. Sai da na cije leɓe har na ji gishirin jini.

Sau ɗaya na kusa fasawa. Saura kwana huɗu kwamiti ya zauna, ni da Madam mu biyu a ɗakin shayi, ta gama ci tana kallon robar.

"Kin san mu tara ne a ɗakinmu? Wake da safe, wake da rana, in an samu. A makaranta 'yan ajinmu har suna suka sa min. Ran da na karɓi albashin farko na yi rantsuwa ni da shi har abada." Ta yi 'yar dariya. "Ga shi yanzu dangin mijina sun sa ni gaba da maganar ƙiba. Mutum dai ba ya fita."

Na dube ta. Gefen idonta ya yi laushi, ta zama kamar yayar wani. Sai na yi tunani: ashe ta san zafin. Ta san daidai inda yake ciwo, shi ya sa ta kai yatsa can. Na tura mata takardar.

"Ba ki sa hannu a ta yau ba, Madam."

Kwamitin mutum huɗu ne: Darakta, Madam, shugabar ɗakin gwaji, da Injiniya a madadin ƙananan ma'aikata. Ni ban nemi shiga ba. Madam ce ta aiko a kira ni. Na ɗauki jakar takardu da roba ɗaya daga firji na tafi.

Na tarar ta yi nisa. Ta ce kicin ɗin ƙasa abin kunya ne, abincinsa na mutanen da ba su da zaɓi ne. Ta ce ba sai an je nesa ba, ta samo wadda za ta maye gurbin, mace mai tsafta da ilimin abinci, ita shaida ce, kilo biyu cikin mako uku.

"Shiru ce ta san ta. Shiru, yi wa Darakta bayani. Ɗaga murya, ba a gidan makoki muke ba."

Darakta mutum ne da bai yarda da baki ba sai takarda. Ya miƙo hannu. "Ina sakamakon?"

Na ba shi. Ya duba lambobin, ya gyaɗa kai. "Ɗari huɗu da goma sha bakwai. Namu ne wannan. Wane kamfani ya kawo?"

"Yana cikin kundi, ranka ya daɗe."

Shugabar ɗakin gwaji ta je ta ɗauko. Darakta ya bi layin da yatsa, ya tsaya. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya sake karantawa, wannan karon a fili.

"Kicin ɗin ma'aikata. Babbar tukunya."

Injiniya ne ya fara dariya, wani sauti ya kuɓuce masa ta hanci, ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa na girgiza.

Madam ta ce, "Kuskure ne. An haɗa lambobi. Ni ban san ɗanɗanon abin da nake ci ba ne? Wannan da wancan ko kusa!"

Darakta ya ce a kira mai girki.

Goggo ta shigo a ɗarare, hannunta da danshin ruwa. Shekara goma sha tara, ba ta taɓa taka wannan ɗakin ba. Ta ɗauka sallama daga aiki ce ta zo, na gani a yadda ta tsaya kusa da ƙofa. Darakta ya tura mata robar da cokali.

"Iya, ɗanɗana ki faɗa mana ko kin san wannan."

Ta buɗe, ta ture kabejin gefe, ta kai rabin cokali baki. Ba ta ma gama taunawa ba.

"Ai wakena ne, na jiya. Wa ya yi masa wannan rowar? Wannan ko kyanwa aka ba ai ta yi ƙara."

Saura kaɗan Injiniya ya faɗo daga kujera. Shugabar ɗakin gwaji ta rufe baki da kundi.

Nan ya kamata in tsaya. Kicin ya tsira, kowa ya gani. Amma ba kicin kaɗai na zo karɓa ba. Na buɗe jakar na fito da takardun ɗanɗano goma sha biyar, kowacce da sa hannun Madam, na miƙe tsaye. Na fara karantawa.

"Ran tara ga wata. Ƙamshi, takwas. Ra'ayi: ƙamshi mai tsafta, ba ya damun mutane. Ran goma sha huɗu. Ƙamshi, tara. Ra'ayi: daga ji ka san hannun mai aji ne. Ran ashirin. Ra'ayi: a kai wa Iya ta ƙasa ta ga yadda ake girki."

"Ya isa," in ji Darakta.

"Saura goma sha biyu, ranka ya daɗe."

"Na ce ya isa."

Madam ba ta kalli kowa ba sai ni. Hodar fuskarta ta jiƙe, ta taru a gefen hanci. Da ta yi magana, muryar ba ta manaja ba ce.

"Na zauna da ke. Na faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba. Me na yi miki?"

"Goggona ce."

Na ji Goggo ta ja numfashi a bayana. Madam ta dube ta, ta dube ni, kamar tana neman kamannin. Ta tattara jakarta ta fita, ta bar biron a kan tebur.

Darakta bai ɗaga zaman ba sai da ya yanke. Kicin na nan, mai girki na nan. Amma tunda an tabbatar giram ɗari da tamanin na wadatar da mutum, daga wata mai kamawa za a sa sikeli a tagar kicin, a riƙa aunawa, a manna takarda. Dariyar Injiniya ta ɗauke nan take.

"Ranka ya daɗe, ni me na yi? Ni na ce ina rage ƙiba? Dube ni fa, iska ma tana kayar da ni!"

Ni kuma aka ce za a ba ni takardar gargaɗi, saboda na yi kwana uku ina ƙona sinadaran ma'aikata a kan samfurin da ba wanda ya aiko. Ofishin Madam ne ke rubuta irin wannan takardar. Na san za ta zaɓi kalmominta da kyau, kuma na san ƙarin girman da nake jira bana ya tafi. Na laluba cikina ko zan ji nadama, ban samu ba.

Da aka tashi, Goggo ba ta jira mun yi nisa da ƙofa kamar kullum ba. A gaban masu gadi ta miƙo min jakar kwanoninta in riƙe. Muka bi gefen titi zuwa tashar mota, tana gaba ina baya. Da muka wuce shagon mai faci ta fara.

"Kin tsayar da ni gaban manya da rigar girki kamar abin kallo."

"Ki yi haƙuri, Goggo."

"Kin sa min sikeli a kicin. Ni da hannuna ya san cikin kowa a gidan nan, yanzu sai ƙarfe ya faɗa min."

"Ki yi haƙuri."

"Mako uku kina cin me?"

"Burodi."

"Shi ya sa wuyanki ya zama kamar na zakara." Ta yi tsaki. "Matar nan kuma ba za ta bar ki ba, kin sani."

"Na sani."

Motar ta zo, muka matsa a kujerar baya, jakar a cinyata. Sai da muka wuce gada tana kallon taga, sannan ta yi magana ba tare da ta juyo ba.

"A ɗanɗanon nawa ta ba ni?"

"Tara, Goggo. Tara cikin goma, kusan kullum."

Ta juya abin a ranta.

"Ɗayan fa? Ina ta kai shi?"

"Ta ce gishiri ya ɗan yi kaɗan."

"Gishirina?" Ta juyo gaba ɗaya, har mutumin gefenta ya matsa. "Gobe ki ɗauki sabuwar takarda ki kai mata ofis. Ki ce in ji ni, ta gyara."